Sharhi: Harmonikar Hohner Special 20 ga mai koyon tsofaffin waƙoƙi da jita

Duk mai son koyon tsofaffin waƙoƙin Amurka na shekarun 1960 da 1970, irin waɗanda mawaƙi ke kaɗa jita yana kuma busa harmonika (ɗan ƙaramin abin busa mai ramuka a jere) a lokaci guda kamar yadda aka san Bob Dylan da Neil Young, shawarata gare shi ita ce kada ya fara da harmonikar arha. Na daɗe ina amfani da Hohner Special 20 mai harafin C, wato wadda aka saita sautinta a kan muryar C, kuma ita ce ta sa na ci gaba da koyo.

Kafin ita, wata mara suna nake da ita, irin waɗanda ake sayarwa a shagon kayan wasan yara. Iska take zubarwa ta ko'ina. Ka hura har kanka ya yi jiri, sautin ya fito a shaƙe, sai ka ɗauka kai ne ba ka da baiwa. Special 20 kuwa numfashi kaɗan ya ishe ta. Kamfanin Hohner tun 1857 yake wannan sana'a a garin Trossingen na Jamus, kuma daga ranar farko za ka ji hannun gwanaye a jikinta. Ramuka 10 gare ta, da 'yan harsunan tagulla 20 a ciki: kowane rami sauti ɗaya idan ka hura, wani sautin daban idan ka zuƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne gangar jikinta ta roba ce. Yayarta Marine Band, wadda ta fito a 1896, ta katako ce, kuma katako yakan kumbura idan ya sha yawu, ya motse idan ya bushe. A nan arewa, inda hunturu ke busar da komai har leɓe ya tsage, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farantan tagullar Special 20 a cikin robar suke zaune, don haka leɓenka santsi kawai yake ji, ba kaifin ƙarfe ba. Sukurori ne ke riƙe da murfinta, kana iya kwancewa ka share ƙura. Amma fa a kuskure baki kafin a busa, musamman masu cin goro, domin ɗan ɓarɓashi ɗaya ya isa ya kashe rami guda.

Dalilin da ya sa take tafiya da jita cikin sauƙi yana cikin tsarinta. Duk inda ka hura, C da E da G ne ke fita, wato kod ɗin C ke nan (kod shi ne sautuka masu dacewa da juna da ake fitarwa tare). Idan ka zuƙa ramuka huɗu na farko, kod ɗin G ne. Saboda haka ko bakinka ya rufe ramuka uku lokaci guda, da wuya sautin ya yi karo da jita. Daga rami na 4 zuwa na 7 kuma akwai cikakken do-re-mi, kuma a nan ne yawancin karin tsofaffin waƙoƙin nan yake zaune. Rami na 2 ne ke wahalar da sabon shiga wajen zuƙa, har wasu su rantse harmonikar ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Saki maƙogwaro, ja numfashi daga ciki a hankali kamar mai shaƙar ƙamshin turare, za ka ji sautin ya buɗe.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: kowace harmonika irin wannan da harafinta. Waƙoƙin da mai koyon jita ke farawa da su yawanci a G suke, da kod ɗin G, C, D da Em, domin su ne yatsu ke saurin kamawa. Idan ka bi waƙar a C kuwa, kod ɗin F na jiran ka, wanda ke sa sabon hannu ciwo. Dabarar da ta fisshe ni ita ce kafo, wato ɗan abin da ake matse tsirkiyoyin jita da shi don ɗaga sautinta. Ka ɗaura shi a gaɓa ta 5 ta wuyan jita, ka kama kod ɗinka na G kamar kullum, sautin da zai fito C ne, harmonikarka ta dace. Haka kuma harmonikar C tana busa kiɗan bulus (salon blues na Amurka) a G idan ka fi dogara da zuƙa, sai dai wannan yana buƙatar iya lanƙwasa sauti, wato sauke muryar rami ƙasa kaɗan da baki, aikin da ke ɗaukar lokaci. Wanda ya samu hali ya ƙara ta harafin G, daga baya ta A. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga canjin dala, shi ya sa nake cewa a fara da guda ɗaya.

Mariƙin wuya, wato ƙarfen da ke riƙe harmonika a gaban baki, shi ne inda ban ji daɗi ba. Nawa na wani kamfani ne daban, kuma sukurorinsa na gefe sukan saki ana tsakiyar waƙa, sai ka ga harmonika ta sunkuya kana bin ta da wuya. Idan za ka saya, ka sa shi a wuyanka tun a shago, ka ɗaure, ka tura da haɓa ka ga ko zai motsa. Ita Special 20 tana zama daram a cikinsa, ba ta zamewa.

Haɗa biyun kuma sai an bi a hankali. Hannun dama ya fara sabawa da kaɗa tsirkiya har ya daina jiran umarni, domin da zarar ka fara zuƙa da hurawa, hankalinka gaba ɗaya baki zai koma, hannu kuma ya tsaya cak. Ni kod biyu kawai nake juyawa da farko, ina hura dogon sauti ɗaya a kan kowanne, sannan na shiga karin waƙar. Darussan kyauta na JustinGuitar a YouTube sun taimaka mini sosai a ɓangaren jita, duk da cewa da Turanci suke.

Ga wanda yake da jita a gida yana neman harmonikarsa ta farko, Special 20 mai harafin C ta cancanci kuɗinta. A haɗa ta da kafo tun a ranar saye, a kuma duba tambarin kamfani da kwalinta da kyau, domin jabu sun yi yawa a kasuwa.