Kalangu, goge, fiyano ko jita: wane malami, wane kayan kiɗa?

Kuskuren da masu son koyon kiɗa suka fi yi shi ne sayen kaya kafin samun malami. Sai mutum ya kai jita mai karkataccen wuya, ko kalangun ado irin na rataya a bango, malami ya duba ya ce wannan ba ya koyuwa. Nemi malami tukuna, shi zai raka ka kasuwa.

In kiɗan gargajiya kake so, makaɗin gado za ka nema. Ana samunsa ta hannun sarkin makaɗa, ko a gidan biki, ko ta wajen mahauta in kalangu ne, domin tun asali kalangu kiɗansu ne. Irin wannan malami ba ya koyarwa da awa. Bin sa za ka yi, ka ɗauki kaya, ka yi amshi, a ba ka ƙaramar ganga ka yi watanni kana riƙe bugu ɗaya kafin a bar ka ka rataya babba. Abin da za ka samu a nan babu shi a wani wuri: kunne. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Hausa, kuma take da kirari ba a rubuce suke ba, a hannun masu su ake karɓa. Wahalarsa lokaci ce, ga shi yawancin makaɗan gado nunawa suke yi, ba bayani ba. Ɗalibi ko ma'aikaci ya daidaita da shi tun farko: rana biyu a mako a gida, da abin da zai riƙa bayarwa.

Fiyano da jita kuwa, malamansu suna situdiyo, musamman a Kano da Kaduna da Jos, ko cikin ƙungiyoyin mawaƙan coci. A nan akwai tarko. Wasu masu fiyanon situdiyo za su koya maka ka kunna kiɗan da ke cikin na'ura, ka danna da yatsa ɗaya na hagu, in murya ta yi sama ka latsa maɓallin sauya murya. Cikin wata guda za ka ji kamar ka iya, bayan shekara kana nan inda kake. Tambaye shi kai tsaye ko zai sa yatsunka goma aiki. Makarantu irin su CFPM Taya a Yamai da MUSON a Legas suna koyarwa bisa tsari, sai dai nisa da kuɗi. Bidiyon YouTube yana taimakawa, amma ba ya ganin hannunka balle ya gyara.

Kowanne ka zaɓa, biya kuɗin darasi ɗaya na gwaji kafin na wata. Lura da wanda ya fi taɓa kayan kiɗan. In malami ya cinye rabin lokacin yana nuna gwaninta, makaɗi ne, ba malami ba. Nagari zai gyara maka zama da riƙo, ya sallame ka da aikin gida ɗaya ko biyu takamaimai.

Wajen saye, fiyano ta kasance mai maɓallai 61, wadda ƙararta ke ƙaruwa in ka danna da ƙarfi. Yamaha PSR-E373 tana da wannan, kuma tana aiki da ƙananan batura 6, abin da ke da muhimmanci inda wuta ba ta zama. In ta hannu ce, danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, domin ƙura tana kashe robar da ke ƙarƙashinsu. Jita mai igiyar roba ta fi sauƙi ga yatsun sabon shiga fiye da mai waya. Auna tazarar igiya da wuya a gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita): a mai waya kada ta wuce milimita 3, in ba haka ba yatsu za su yi ciwo har ka ajiye ta. Iskar hunturu tana tsaga katakon jita, don haka a ajiye ta cikin jaka, nesa da rana.

A kalangu, duba kangon ko ya tsage, sannan ka matse tsarkiya a hammata ka ji ko murya tana hawa da sauka ba tare da ta shaƙe ba. A goge, duba ƙoƙon da fatar da izgar, ka tabbata jakin, wato ɗan icen da ke ɗage izga daga kan fata, yana zaune daram, ka haɗa da ƙaro na goga wa izga, don in babu shi sai dai ta yi ta zamewa ba sauti. Da damina fata tana saki saboda laima. A ɗan shanya ta a rana ko a ɗumama ta nesa da wuta, kada a kusanta ta fashe.

Minti 25 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin hannu da maimaici yake riƙe abu. Minti biyar na saita kaya da motsa yatsu, sha biyar a kan wuri ɗaya da ke ba ka wuya, biyar na abin da ka riga ka iya. Yawancin masu koyo daga farkon waƙa suke komawa duk lokacin da suka yi kuskure, sai farkon ya zauna, tsakiyar ta ƙi. Ware gaɓar da ke kayar da kai, sa manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti, sai ka yi ta daidai sau biyar a jere kafin ka ƙara bugu huɗu. Sauri da kuskure, kuskuren hannu yake haddacewa, kuma cire shi ya fi koyon sabo wuya. Duk mako ka ɗauki sautinka a waya ka kai wa malam. Zafin kan yatsu a jita yakan lafa cikin makonni kaɗan in kanta ta fito, amma ciwon wuyan hannu alamar riƙo ne mara kyau: dakata har malam ya duba.