Sinimar Jidda da maganar Dune da Star Wars

Jama'a masu tambaya ko ya cancanci mutum ya kashe riyalolinsa a babban ɗakin IMAX, wato sinima mai ƙaton allo, amsata ita ce ya danganta da fim ɗin. Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018 muna saukowa daga Makka zuwa Jidda ni da ƙannena, kuma wanda ya fi biya mana kuɗinmu shi ne Dune kashi na biyu da ya fito a 2024.

Wurin dai tsaf yake, kujeru masu taushi, tikiti ta waya ake saya ba layi, fassarar Larabci na fitowa ƙasan allo daidai. Amma sanyin esi ya yi yawa wallahi, ka tafi da rigar sanyi, gugguru kuma tsada kamar me.

Sauti shi ne komai a wurin. Inda Paul, jarumin fim ɗin Dune, ya kafa na'urar nan mai buga ƙasa yana kiran macijin rairayi, kujerar da kake kai sai ta fara rawa tun kafin ka ga dabbar, kiɗan Hans Zimmer kuma har cikin ƙirji. Wanda ya san zafin watan Yuli a nan zai gane mutanen Fremen, mazauna saharar da ke cikin fim ɗin, kayan jikinsu na tace zufa su mayar da ita ruwan sha, ko gawa ba sa bari ruwan jikinta ya tafi a banza, tafiyarsu ma a karkace take don kar macijin ya ji takunsu. Daraktan fim ɗin, Denis Villeneuve, a Wadi Rum na Jodan da saharar Liwa ta Abu Dhabi ya ɗauka, shi ya sa rairayin bai yi kama da na kwamfuta ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda aka dasa wa talakawa labarin mai ceto tun da daɗewa don a juya su, wannan ba wasan yara ba ne.

Star Wars ina sonsa tun ina ƙarami, amma gaskiya tatsuniya ce aka kai sama jannati, takobin haske, yaro maraya, mugu mai baƙaƙen kaya. George Lucas da ya ƙirƙiro shi ma a saharar Tunisiya ya ɗauki na 1977, har gidan su Luke, jarumin fim ɗin, sana'arsu tara ruwa daga iska, sai dai labarin bai damu da ƙishirwa ba, ana barin duniyar saharar da Luke ya taso shi kenan an manta. Waɗanda aka yi bayan Disney ta sayi kamfanin Lucas a 2012 kuwa, wanda ya fito a 2019 ya ruɗe sosai, mugun da ya mutu kawai aka dawo da shi ba gamsasshen bayani.

Don haka Star Wars ku kalle shi a gida da yara, ba abin da za ku rasa. In an sake haska Dune a babban allo ku nemi kujerar tsakiya, layin gaba wuya zai yi ciwo don fim ɗin ya kusa awa uku.