Kwana uku da aka kulle zauren ƙanƙara a Winnipeg

A watan Disamba na 2022, wata huɗu ke nan da saukata a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada, ina aikin kula da wani wurin ajiye motoci a tsakiyar gari, tafiyar 'yan mintuna daga zauren da ƙungiyar Jets take buga wasanninta. Wasan shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda a nan ake kira hoki, kuma duk daren da za a buga shi wurinmu yakan cika maƙil tun kafin ƙarfe bakwai. Da Kirsimeti ta matso sai na yi lissafi irin na ɗan gida. Na taso ina ganin yadda gidajen kallon ƙwallo suke cika a washegarin Kirsimeti saboda gasar Firimiya ta Ingila, don haka na ɗauka a nan ma babban wasa yana faɗowa ne a babbar rana. Na sami shugabar aikinmu na roƙe ta ta saka ni a duka kwanakin bikin, tunda ni Musulmi ne, abokan aikina Kiristoci su je su huta da iyalansu. Ta yi mini godiya sosai, sannan ta ce: "Ai babu wasa. Za a kulle zauren kwana uku, kuma kai ma za ka huta kamar kowa."

Ban gaskata ba sai da na gani da idona. Ranar 25 ga wata da azahar na fito na bi titin Portage a ƙafa, domin motocin haya sun yi ƙaranci, cikin sanyin da yake daskarar da gashin hancin mutum tun kafin ya yi taku ashirin. Zauren da yake ɗaukar mutane kimanin dubu goma sha biyar yana rufe, fitilun ƙofofinsa a kashe, dusar ƙanƙarar da ta sauka a bakin matakala babu sawun kowa a kanta. Manyan kantuna ma a rufe suke. Na daɗe a tsaye a wurin, domin ban taɓa ganin an bar kuɗi masu yawa haka a ƙasa da gangan ba, a ranar da kowa yake gida kuma yake da lokacin kallo.

Daga baya na bi diddigin al'amarin. Babbar gasar hoki ta Arewacin Amurka, wadda ake kira NHL, an kafa ta a Montreal a 1917, kuma yanzu tana da ƙungiyoyi 32, bakwai daga cikinsu a Kanada. A da ana buga wasa ranar Kirsimeti, amma rabon da a yi hakan tun 1971. Yau hutun yana rubuce a cikin yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, kwana uku babu wasa kuma babu atisaye, har ma akan dakatar da musayar 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi na wasu kwanaki a wannan lokaci, don kada a ce wa mutum ya tattara kayansa ya koma wani gari ana jajibirin biki. Abin da ya fi kama hankalina shi ne rubutun. Hutun bai dogara ga kirkin mai ƙungiya ko yanayin zuciyarsa ba, domin an zauna an yi ciniki a kansa, an sa hannu, kuma jadawalin wasannin shekara yana fita tun da rani kowa ya san kwanakin.

Duk shekara ana sabunta muhawara a kan ko ya kamata a soke wannan hutu, kuma masu son a soke shi ba su rasa hujja ba. Gasar ƙwallon kwando ta Amurka tana wasa ranar Kirsimeti tun 1947, kuma ta mayar da ranar ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninta a talabijin, inda takan jera wasanni biyar daga rana har dare. Masu ƙwallon zari-ruga na Amurka sun daɗe da mallake ranar bikin godiya na watan Nuwamba, birnin Detroit yana karɓar wasa a ranar tun 1934, kuma yanzu sun shigo Kirsimeti ma, har kamfanin Netflix ya nuna wasanninsu biyu a 2024. Masu wannan ra'ayi suna cewa hoki yana zaune ana kwashe masa 'yan kallo. Suna kuma da wata hujja wadda ta taɓa ni ƙwarai, wato akwai mutanen da ba su da kowa a ranar biki, kuma wasan da ake nunawa a talabijin shi ne abokin hirarsu. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu a wannan Disambar, ina zaune a ɗaki ni kaɗai, na dafa shinkafa da wake, babu wanda zai yi sallama ya shigo.

Duk da haka ra'ayina shi ne kada a buga, kuma dalilina ba 'yan wasa ba ne, ko da yake su ma mutane ne, kuma ƙungiyar da za ta je baƙunta dole ta kwana a otal a daren da 'ya'yansu suke jiransu. Dalilina shi ne mutanen da ba a nuna su a talabijin. Mai kallo yana ganin mutum shida a kowane ɓangare suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna, zango uku na minti ashirin ashirin. Amma kafin a jefa wannan faifai sai an tara masu duba tikiti, da masu sayar da abinci, da masu gadi, da masu shara waɗanda ba sa fara aiki sai kowa ya tafi, da direban motar Zamboni mai goge ƙanƙara tsakanin zango da zango, da masu ɗaukar hoto, da 'yan sanda, da direbobin bas, da irinmu masu tsayuwa a waje muna nuna wa motoci hanya. Yawancin waɗanda nake aiki da su baƙi ne kamar ni. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Filifin, kasancewar Winnipeg tana da jama'arsu da yawa, wadda take haɗa aiki biyu, kuma ta gaya mini cewa waɗannan kwanaki ne kaɗai a shekara take samun zuwa coci da dare tare da jikokinta ba tare da ta duba agogo ba. Gaskiya ne dokar lardin ta ce a mafi yawan ayyuka wanda ya yi aiki a ranar hutun hukuma a biya shi ninki ɗaya da rabi, amma wanda ake binsa kuɗin haya ba zai iya ƙin karɓar aikin ba idan an buɗe ƙofa. Kulle ƙofar ne kaɗai yake ba shi hutun.

Ban ce komai a nan daidai yake ba. Gasar da ta girmama Kirsimeti ita ce ta mayar da lokacin sabuwar shekara kasuwa, da wasan da ake kira Winter Classic, wanda ake bugawa a fili ba rufi. An fara shi a Buffalo ranar 1 ga Janairun 2008, kuma na 2014 da aka yi a Michigan tsakanin Toronto da Detroit ya tara mutane fiye da dubu ɗari. Gasar matasa ta duniya kuma tana farawa ne ranar 26 ga Disamba, kuma 'yan Kanada suna bin ta kamar ransu zai fita. Sannan tsadar shiga ta kai inda tikiti ɗaya na wuri mai kyau zai cinye abin da nake samu a yini guda, kuma gorar ruwan da ake sayarwa a cikin irin waɗannan zauruka ta ninka ta kanti sau da yawa. Na yi shekara guda ina kula da motocin 'yan kallo kafin na taka ƙafata ciki.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a ƙaramar Sallar 2023. Kamfanin da nake wa aiki yana son a sanar da ranar hutu makonni biyu kafin lokaci, ni kuwa ba zan iya cewa Juma'a ce ko Asabar ba sai an ga wata. Na yi ta bayani, aka ba ni Juma'a kawai, kuma Allah ya sa Sallar ta faɗo a ranar, 21 ga Afrilu. Washegari Asabar, ranar da a Kano ake Hawan Daushe, Jets suna karɓar Vegas a zagayen neman kofi. Al'adar garin ce a irin wannan wasa kowa ya sa fararen kaya, don haka na tsaya a bakin ƙofa ina kallon dubban mutane farare fat suna kwarara a titi, wasu da 'ya'yansu a kafaɗa, sai filin Idi ya faɗo mini a rai, da ƙamshin sabuwar shadda da turare, da tuwon da ake aikawa maƙwabta, har hawaye suka zubo mini ina karɓar kuɗin mota. An doke Jets da ci 5 da 4 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, wanda ya sa muka ƙara daɗewa a bakin aiki. Ba na neman a tsayar da gasa saboda Sallah a ƙasar da Musulmi 'yan tsiraru ne, ko da yake akwai su a cikin wasan, kamar Nazem Kadri wanda ya ci kofin Stanley, babban kofin gasar NHL, da ƙungiyar Colorado a 2022 ya kai shi masallacin garinsu, London ta lardin Ontario. Amma a ranar na ɗanɗana abin da abokiyar aikina za ta ji idan aka buɗe zauren a Kirsimeti.

Wannan ne ya sa dole in juyo gare mu, 'yan'uwana na gida. Muna alfahari da cewa mun fi Turawa riƙon biki da zumunci, kuma a wani fannin haka ne, domin babu wanda zai kwana shi kaɗai a ɗaki ranar Sallah a unguwarmu. Amma hutun kwana biyun da gwamnati take bayarwa na ma'aikacin ofis ne. Tela yana kan keke har a kira sallar asuba, wani ma barci ya kwashe shi ya rasa Idi, saboda mun kai masa ɗinki ana saura kwana biyar muna kuma zaginsa. 'Yar aikin gida ita take tashi kafin kowa, ita take kwanciya bayan kowa, kuma ba a tuna cewa tana da uwa a ƙauye mai son ganinta. Mai gadi yana bakin ƙofa yana buɗe wa baƙi, yaron shago yana saukowa daga Idi ya wuce kai tsaye ya ɗaga ƙofa. Ni kaina na yi shekara huɗu ina yaron shago, kuma ban taɓa yin yinin Sallah a gidanmu ba, maigidana kuwa mutum ne mai yawan sadaka, bai dai taɓa ganin hutuna a matsayin haƙƙi ba. Mun mayar da hutun talaka alfarma, sai an roƙa, sai an yi godiya.

Bayan na bar bakin zauren a wancan yinin na Kirsimeti, na biyo ta wani ɗan filin ƙanƙara na unguwa, irin wanda ake zuba wa ruwa ya daskare, an kewaye shi da katako. Wani magidanci yana durƙushe yana ɗaure wa 'yarsa igiyar takalminta mai wuƙa a ƙasa, yara biyar ko shida suna bin faifai ɗaya, sun ajiye takalman gida biyu a matsayin raga. Babu tikiti, babu mai gadi, kuma babu wanda aka raba da iyalinsa don a yi wannan wasa.

Da babbar Sallah ta 2023 ta matso na kira yayana, wanda yake da kantin kayan masarufi da yara biyu a ƙarƙashinsa. Na ce: "Yaya, don Allah ka kulle ranar Sallah, yaran nan su je gida." Ya yi shiru, sannan ya ce ai yammacin Sallah ne lokacin cinikin lemo da alewa, kuma idan ya kulle maƙwabcinsa ba zai kulle ba. Na ce na sani, haka masu talabijin suke faɗa a nan. Muka daɗe muna ja, a ƙarshe ya yarda zai sallame su tun daren jajibiri, shi da kansa ya zauna a kantin da yamma, su dawo washegari. Ƙaramin cikinsu ɗan Ɗambatta ne, kuma Yaya ya ce shi ya biya masa kuɗin mota.