Gargaɗi ga iyaye da matasa: a yi hattara da masu tallar hawan igiyar ruwa da kallon namun daji a Afirka ta Kudu

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ya gama sakandare yana zaman jiran adimishan, ko ya gama jami'a yana jiran a kira shi bautar ƙasa, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya taɓa asusunsa. Akwai wata talla da ke yawo a Instagram da TikTok, daga can a ja mutum zuwa WhatsApp. Wai ana haɗa ayarin matasa zuwa Afirka ta Kudu, su yi wata biyu zuwa uku a bakin teku suna koyon hawan igiyar ruwa a kan allo, a ba su takardar shaidar koyarwa, sannan a rufe tafiyar da 'yan kwanaki a gandun dajin Kruger ana kallon zaki da giwa. Kuɗin da suka yanka kuwa da kyar zai biya tikitin jirgi zuwa da dawowa, balle masauki da abinci. Wannan cinikin biri ne a sama, kada kowa ya tura kafin alƙalami.

Abin da ya sa tarkon ke kamu shi ne ba ƙirƙirar tafiyar suka yi ba, akwai ta da gaske. 'Ya'yan Turawa, musamman na Ingila da Ostireliya, sun saba ɗaukar shekara guda suna yawon duniya kafin su shiga jami'a, kuma akwai kamfanoni na halak da ke ɗibar su rukuni-rukuni. Sau da yawa a Muizenberg ake farawa, gefen Kef Tawun, saboda igiyar ruwan wurin mai sauƙi ce ga ɗan koyo. Daga nan a bi gaɓar teku ta gabas, a yada zango a Jeffreys Bay, a wuce Durban inda ruwan ya fi ɗumi, a ƙarshe a bar teku a shiga daji. Masu yin ta da gaskiya fam dubbai suke karɓa, kuma galibi ban da tikiti da inshora. Hotuna da bidiyoyin irin waɗannan kamfanoni ne mazambatan ke kwashewa, su goge tambarin mai shi su manna nasu.

Wata yayata ce ta turo mini tallar, ɗanta ya tasa ta gaba sai ta sayar da 'yan kunnenta ta biya masa. Na zauna na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A na farko, garken namun daji ne dubbai suna tsallaka kogi, kadoji na cafkar su, an rubuta Kruger a ƙasa. Wannan kogin Mara ne, tsakanin Kenya da Tanzaniya, dubban kilomita daga Kruger. Na biyu giwaye ne suna kiwo, bayansu wani dutse mai ƙanƙara a ka. Kilimanjaro ne, ba ya Afirka ta Kudu. Na ukun shi ya fi tona musu asiri: wata yarinya ta rungume ɗan zaki tana ba shi madara a bulumboti. A Kruger ba a yarda ma ka fito daga mota ba sai a wuraren da aka keɓe, ko kana tare da ma'aikacin daji mai bindiga, ina ga ɗaukar ɗan zaki?

Sai na karɓi lambar na yi wa mai tallar magana kamar uba mai son biya. Na ce masa a wane sansani, wato masaukin baƙi na cikin gandun, yaran za su kwana? Ya ce a cikin Kruger. Na ce ta wace ƙofa za ku shiga? Sai ya turo saƙon murya: "Alhaji kada ka damu, mun gama komai, gurbi biyu ne kawai ya rage, yau da dare za mu rufe." Na ce to turo akawun. Ya turo, sunan mutum ne ɗaya, ba sunan kamfani ba, kuma a irin bankunan nan na waya da ake buɗewa cikin minti biyar. Da na nemi lambar kamun ɗaki, ya karanta ya yi shiru. Washegari hotonsa ya ɓace daga wayata.

Bari in ɗan tsaya a kan Kruger, don a nan ne ƙaryar ke da saurin karyewa. Gandu ne na gwamnati, an ayyana shi a 1926, hukumar gandayen dajin ƙasar, SANParks, ce ke kula da shi. Faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 20,000, wato a jera Yankari kusan tara, kuma tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 350 a gefen iyakar Mozambik. Saboda haka wanda ya ce maka "a cikin Kruger" bai faɗa maka komai ba. Ƙofofin shiga suna da suna: Malelane, Crocodile Bridge, Numbi, Phabeni, Paul Kruger, Orpen, har zuwa Pafuri can arewa. Sansanonin kwana ma haka: Skukuza wanda ya fi kowanne girma, Lower Sabie, Satara, Olifants, Letaba da sauransu. Ana buɗe kamun ɗaki tun saura wata 11, kuma lokacin hutun makarantu, musamman Disamba, wuraren kan cika tun da wuri. Duk wanda ya kama ɗaki yana da lamba a rubuce, da sunan sansani da ranakun kwana. Mai shirya tafiya na gaskiya ba zai ji zafin ka nemi wannan lamba ba. Ka karɓa, ka nemo lambar waya ko imel na SANParks da kanka a shafinsu, ba wadda mai talla ya ba ka ba, ka tambaya ko akwai wannan kamun.

Akwai kuma kuɗin kula da daji da ake biya a kan kowane kai, kowace rana. Kashi uku ne: 'yan ƙasar suna biyan mafi ƙaranci, sai 'yan ƙasashen kudancin Afirka na ƙungiyar SADC, sai sauran baƙi da ke biyan mafi tsada. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk ba sa cikin SADC, farashin Bature za mu biya. Ka tambaya a rubuce ko wannan kuɗi yana cikin abin da za ka biya. Ka kuma dubi taswira. Daga Kef Tawun zuwa kudancin Kruger kusan kilomita 1,800 ne. Tallar da ta ce da safe ana teku a Muizenberg, da yamma ana kallon zaki a Kruger, ba tare da ambaton jirgi zuwa filayen jirgin yankin, Mbombela ko Skukuza, ba, wanda ya rubuta ta bai taɓa taka ƙasar ba. Ko daga Johanasbag ma tafiyar awa biyar ce a mota.

Wancan da na yi magana da shi ɓarawon zaune ne, ba shi da allo ba shi da mota. Amma akwai na biyu da na fi jin tsoro, don shi rabin maganarsa gaskiya ce. Zai tarbi yaran a filin jirgi, ya sauke su a wani masauki mai araha, ya yi musu hayar alluna da rigunan roba na sanyi, su yi ta ɗaukar hoto suna turowa gida, iyaye na sa albarka. Kallon namun dajin, wanda shi ne ya fi cin kuɗi a kowace rana, da gangan aka ajiye shi a ƙarshe, kuma tun a gida aka karɓi kuɗinsa. Saura mako guda sai labari ya canza: mota ta lalace, an samu ambaliya, gandu ya cika, kowa ya ƙaro kaza. Yaro yana ƙasar mutane, tikitin dawowarsa ya matso, bizarsa ta kusa ƙarewa, da wa zai yi shari'a? Ko dai uba ya sake turo kuɗi, ko a kwashe su zuwa wata gona mai shinge inda ake kiwon zakuna a keji, a ce musu ga daji nan. Irin waɗannan gonaki ne ake ɗaukar hoton rungumar ɗan zaki, kuma an daɗe ana zargin cewa idan zakunan sun girma ana sayar da su ga masu harbi a cikin shinge ko masu cinikin ƙashi. Ƙungiyar masu harkar yawon buɗe ido ta yankin, SATSA, ta fitar da ƙa'ida a 2019 da ta ce taɓa jariran namun daji da yawo a ƙasa tare da zaki ba abin yarda ba ne, kuma a 2021 gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyar kawo ƙarshen kiwon zaki a tsare. Kamfanin da har yanzu yake talla da wannan hoto ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

A yi adalci dai. Kwana a wajen gandu, misali a garin Hazyview, a riƙa shiga da asuba ana fitowa kafin a rufe ƙofa, ba zamba ba ne, mutane da yawa haka suke yi don ya fi sauƙi. Haka nan idan an ce Addo za a je, kusa da Gqeberha, ko Hluhluwe-iMfolozi a arewacin Durban, duk gandaye ne na gaske, kuma sun fi kusa da teku. Zambar ita ce a sayar maka da wani a kai ka wani. Kuma ko a Kruger babu mai iya yi maka alkawarin ganin zaki, damisa, giwa, karkanda da ɓauna duka, dabbobin ba a ɗaure suke ba. Mai rantse maka da haka, ka riƙe aljihunka.

Sai maganar biza, inda suke cin namu fiye da kowa. Mai fasfon Ingila ko Amurka yana shiga Afirka ta Kudu kwana 90 babu biza, 'yan Gana ma sun samu wannan sauƙi tun Nuwamban 2023. Ɗan Najeriya kuwa sai ya nema, galibi ta ofishin VFS, kamfanin da ke karɓar takardun neman biza, a Abuja ko Legas, kuma su ma karɓar takardu kawai suke yi, hukumomin Afirka ta Kudu ne ke yanke hukunci. Wanda ya ce yana da mutum a ciki, biza tabbas ce, ƙarya yake. Ana kuma bukatar katin rigakafin shawara. Bizar ziyara ba ta ba da damar aiki, don haka zancen "bayan an gama za ka zauna kana koyarwa ana biyan ka" hanya ce ta jefa yaro hannun jami'an shige da fice. Wanda ya wuce wa'adinsa ana hana shi shiga ƙasar shekara guda, idan ya zarce kwana 30 kuma shekara 5. Yaron da bai kai 18 ba, idan zai tafi ba da iyayensa ba, sai da takardar amincewarsu.

Ita ma takardar koyarwar da ake kwaɗaita wa yara, ta gaske ƙungiyar hawan igiyar ruwa ta duniya, ISA, ce ke bayarwa, kuma sai mutum ya iya hawan sosai, yana da shaidar ceto a ruwa. A nan zan faɗi abin da wasu matasa ba za su so ba: yawancin 'ya'yanmu ba su iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko dam ya koya. Tekun Kef Tawun sanyi ne da shi, yana da ruwa mai ja ciki, kuma a Muizenberg tun 2004 akwai masu zama a kan dutse suna dubon shak, babban kifin nan mai kai wa mutane hari, suna kaɗa ƙararrawa. A Jeffreys Bay ne shak ya tunkari zakaran hawan igiyar ruwa na duniya Mick Fanning ana tsakiyar gasa a 2015. Makaranta ta gaskiya tambayarta ta farko ita ce ka iya iyo, kana da inshora? Mai tallar nan tambayarsa ta farko ita ce yaushe za ka tura.

Wanda har yanzu ransa na son tafiyar, hanya a buɗe take. Ya nemi lambar rajistar kamfanin, ya duba ta a CAC idan na Najeriya ne, a takwararta CIPC idan na can ne, ya kuma duba ko sunansu na cikin jerin mambobin SATSA, ko NANTA, ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye, a nan gida. Rajista kaɗai ba shaidar amana ba ce, ɓarawo ma yana yin ta, amma rashinta ya isa hujja. Ya nemi yarjejeniya a rubuce mai sunan kowane masauki da sharaɗin maida kuɗi, ya kira masaukin bakin tekun da kansa ya ji ko sun san su. Ya biya da kati zuwa asusun kamfani, don kati yana da hanyar ƙalubalantar ciniki, kuɗin kirifto kuwa in ya tafi ya tafi. Mafi aminci ma shi ne a raba biyan: kuɗin daji ya tafi kai tsaye wurin SANParks ko masaukin, kada ya bi ta hannun ɗan tsakiya. Kada kuma a tura hoton fasfo ga wanda ba a tantance ba, da shi suke buɗe asusun da za su cuci wani.

Idan kuma an riga an tura, kada kunya ta sa a yi shiru. A kira banki nan take a kai ƙorafi, tun kuɗin bai bar asusun da ya shiga ba. A adana rasit da hirarrakin da saƙonnin murya kafin ya goge su, a kai wa EFCC ko 'yan sanda, sannan a kai ƙarar shafin a Instagram ko TikTok ɗin. Bayan 'yan kwanaki wataƙila wani ya kira ya ce shi jami'i ne ko lauya, zai ƙwato kuɗin idan aka ba shi na mai. Su ne dai suka sake dawowa da wata lambar, kada a ba shi ko sisi.