Wasiƙa daga Malta: kayan Karnival da keken ɗinkin maƙwabciyata

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kina lafiya, da Inna da yara duka. Kin ce in ba ki labarin kaya da hidima a nan Malta. To, bikinsu na Karnival bai daɗe da wucewa ba, bari in ɗauko daga nan.

Kwana biyar ake yi, Juma'a zuwa Talata, kafin Kiristoci su kama azuminsu na kwana 40. Azumin nan Randan suke ce masa, Ubangiji kuma Alla, don harshensu daga Larabci ya tsiro. Tun 1535 suke ƙirga tarihin bikin.

Zuwa Baleta, babban birnin, ko sisi ban biya ba. Tun Oktoban 2022 mazaunin da ke da katin bas da ake kira Tallinja kyauta yake hawa bas. Sai na tuna yadda kuɗin mota ke ninkawa a tasha ranar jajibirin sallah. Wuta ba kasafai ake ɗaukewa ba. Ruwan famfo ne dai, da yawansa na teku ne aka tace, ko kusa bai kai na rijiyar gidanmu daɗi ba, na roba muke saye mu sha.

Inda muka fi su shi ne ɗinki. Makarantar ƙaramar 'yata ta ce kowane yaro ya zo da shigar biki. Na shiga shago na tarar da riguna jere cikin leda, yadi shara-shara, ɗinkin kamfani. Na ɗan ja hammatar ɗaya na ga zare na buɗewa, na mayar. Na nemi tela, da ƙyar na samu, kuɗin hannunsa kaɗai ya isa a ɗinka wa yarinya kayan sallah har da ɗankwali a gida.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa, ita ta fitar da ni. Ta jawo tsohon kekenta daga ƙarƙashin matakala, ta ɗiga masa mai, muka zauna dare biyu. Tana ɗinki tana ba ni labarin ƙuruciyarta. Ta ce wata guda kafin biki mahaifiyarsu ke fara yanka tsofaffin labule da guntayen yadi, ba wanda ke sayen riga. Ranar biki mahaifinta ya saɓa ta a wuya don ta hango manyan mutum-mutumin takarda da ake ja a kan motoci, waɗanda aka kwashe watanni ana haɗawa. Daga saman motocin ake watso perlini, wata ƙwaya ce kamar babbar gyaɗa, an lulluɓe ta da sukari launi-launi. Yara su yi ta wawa a ƙasa, gwiwa duk ƙura, aljihu cike. Ta ce takan ɓoye nata ƙarƙashin matashi ta riƙa tsotsar ɗai-ɗai.

Wallahi Yaya, tashe kawai na tuna. Goma ga azumi, gemun auduga, tsohuwar rigar Baba tana jan ƙasa, muna bin gida-gida ana ba mu hatsi da 'yan kuɗi. Na ba ta labarin, ta tsayar da keken tana saurare har na gama.

Ta kuma ɗanɗana min prinjolata, kek ɗin da sai lokacin bikin ake ganinsa. Fari ne, an tula shi kamar malmalar tuwo, an yarfa masa cakulan. A shago aunawa ake yi a yanka maka. Wasu na zuba giya a ciki, shi ya sa nake tambaya kafin in saya. Ita nata ta yi shi babu, saboda mu. Zaƙinsa ya fi na alkaki.

In an samu mai tahowa, ki aiko min da atamfa turmi biyu da zare mai kyau. Turmi ɗaya na maƙwabciyar tawa ne, ta ga zanina ta yi ta shafa shi tana yabon ƙarfin yadin. A gaida Inna sosai.