Nas ta sa Inna ta yi shiru na minti biyar

Ranar da na kai Inna asibitin unguwarmu a nan Ingila, raina a ɓace na shiga. Kwana uku ina buga waya tun ƙarfe takwas na safe, layi a cike. Da aka ɗauka kuma sai aka ce likita ba shi da wuri, nas ce za ta gan mu. Tsohuwa mai shekara 71, a ce nas? Na ji kamar an raina mu.

Matar ta zaunar da Inna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ta ce kada ta yi magana sai bayan minti biyar. Ta dubi damtsen Inna, ta ajiye abin ɗaurawa na awon hawan jini da ke hannunta ta ɗauko babba, wai ƙarami yakan sa awo ya haura. Ta auna dama, ta auna hagu, ta tsayar da ita ta sake aunawa. Ya nuna 152/94. Na ce shi ke nan, yanzu za a rubuto magani. Ta girgiza kai. Awo ɗaya a asibiti ba ya yanke hukunci, fargabar wurin kaɗai tana iya ɗaga jinin mutum. Ta ba mu aron na'ura, mu riƙa aunawa safe da yamma, sau bibbiyu, har kwana bakwai. Idan matsakaicin awon gida ya kai 135/85, nan ne za a yi maganar hawan jini.

Sai tambayoyi. A nan ne Inna ta fito da ibuprofen ɗin da take sha kullum saboda gwiwa, wanda ni ɗanta ban ma san da shi ba. Ashe yana ɗaga jini, yana kuma wahalar da ƙoda. Nas ta ɗaga ƙaramin cokali ta ce gishirin yini guda kada ya cika wannan, ƙasa da giram 5 ke nan, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Inna ta ce, "Ɗan nan, gaya mata wannan ko miyar mutum ɗaya bai isa ba."

Abin da ke ci mini rai shi ne, irin waɗannan nas-nas muna da su a gida, wasunsu ma su ne ke aiki a asibitocin nan. Amma mun mayar da su masu allura da ɗaurin ruwa. Tsoho ba ya zuwa awo sai ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, sannan a fara neman mota cikin dare. Muna jiran ciwon kai, alhali hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Wanda aka ɗora a magani kuma, da ya ji sauƙi sai ya jefa shi ƙasan akwati. A nan duk wanda ke tsakanin shekara 40 da 74, in ba a riga an gano yana da ciwo irin na zuciya, suga ko hawan jini ba, ana gayyatarsa gwajin lafiya kowace shekara biyar, ko yana jin garau.

Bayan mako awon Inna ya tsaya a 131/82, ba a ba ta magani ba. Yanzu kullum da yamma muna zagaya unguwa a ƙafa, tana mitar sanyi da rashin mai gaishe ta a hanya, ni ma kewar gida na taso mini. Na saya mata na'urarta. Ta ce idan ta koma, duk ƙawar da ta zo yi mata sannu da zuwa sai ta miƙo hannu an auna.