Lesin lissafin da na sa 'yata: abin da na gani a zango guda

A unguwarmu nan Kano akwai wata malama da ta yi ritaya daga koyarwar firamare, ta mayar da garejin gidanta ajin lesi. Lissafi kaɗai take koyarwa, daga 'yan aji huɗu zuwa aji shida, kuma ƙarfinta yana kan tambayoyin nan masu zuwa cikin labari, waɗanda sai yaro ya bi mataki biyu ko uku kafin ya kai ga amsa. Na sa babbar 'yata, 'yar aji shida, ina biyan naira 8,000 a wata. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma wurin yana da gyara, kuma zan faɗa.

Yarinyar nan ta iya jadawalin sau har na 12, ko daga barci ka tashe ta. Ka rubuta mata 166 sau 200, kafin ka ajiye biro ta gama. Amma da zarar an saka lambobin cikin labari, sai ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya ta tara, ta ja layi biyu a ƙasa. A makaranta an haddace musu wata dabara: in kun ga "gaba ɗaya" ku tara, in kun ga "saura" ku ɗebe. Dabarar tana ci a tambaya mai mataki ɗaya. A mai mataki uku kuwa ita ke kayar da yaro, domin ya daina karanta labarin, farautar kalma kawai yake yi.

Abin da Malama ta fara yi shi ne hana su taɓa fensir. Za ta karanta tambayar da Turanci, tun da da shi ake jarrabawa, sannan ta nuna yaro ɗaya ta ce ya ba da labarin da Hausa, ba tare da ya ambaci lamba ko ɗaya ba. Ran da na zauna a bayan aji, tambayar ita ce: mai shago ya sari kiret 6 na ƙwai a kan naira 4,500 kowane kiret, kowanne na ɗauke da ƙwai 30. Guda 14 sun fashe a hanya. Ya sayar da sauran a kan naira 200 kowane ɗaya. Nawa ya ci riba? Wani ɗan tsurut ya miƙe ya ce, "Wani mutum ne ya saro ƙwai, wasu suka fashe, ya sayar da ragowar, ana so a san ko ya ci ko ya faɗi." Malama ta ce, "Madalla. To, me ya kamata mu sani wanda ba a gaya mana ba?"

Wannan tambayar ita ce jarin ajin. Tana kiranta ɓoyayyiyar tambaya, kuma sai yara sun zaƙulo su duka, sun rubuta su jere a gefen takarda, kafin a fara lissafi. Ƙwai nawa ne tun farko? 180. Nawa suka tsira? 166. Nawa ya samu a ciniki? Naira 33,200. Nawa ya kashe wajen sari? Naira 27,000. Sai a mataki na ƙarshe aka ɗebe, riba ta fito naira 6,200. Kowace amsa kuma dole a rubuta mata suna a gabanta, ko ƙwai ko naira. Lamba tsirara ba ta karɓa. Da farko na ɗauka tsanani ne kawai, sai da na ga wata yarinya tana shirin ɗebe ƙwai 14 daga naira 27,000, sunan da ta rubuta ne ya tsayar da ita, ta goge da kanta.

Tana kuma sa su zane. Ba hoton mai shago ba, dogayen akwatuna ne da ke wakiltar adadi. Misali, yaya da ƙanwa suna da naira 950 a haɗe, kuɗin yayan ya fi da naira 150. Sai a zana akwati biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, a yanke ƙarin 150, a raba 800 gida biyu: ƙanwa 400, yaya 550. Malama ta gaya mini ba ita ta ƙirƙiro ba, salon da makarantun firamaren Singafo suka ɗauka ne tun shekarun 1980. Ni dai na ga amfaninsa, domin irin wannan tambayar a da 'yata raba 950 biyu take yi ta wuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take sa su auna amsa da hankali. An ce ɗalibai 58 za su tafi ziyara, kowace bas na ɗaukar 18, bas nawa ake bukata? 'Yata ta rubuta 3, saura 4. Malama ta dube ta ta ce, "'Yata, su huɗun nan a tasha za ki bar su?" Ajin ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta gyara zuwa 4. Babu bulala a wurin, babu tsawa, kuma ban ga yaron da ke tsoron ɗaga hannu ba.

Yanzu gyaran. Garejin ya yi wa yaran kaɗan. Benci ɗaya na ɗaukar yara biyar, gwiwa na gugar gwiwa, kuma in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, rabin hankalinsu yana kan fifita da littafi. Ba a ba da takardar tambayoyi a buge, komai sai an kwafa daga allo, kuma kwafar doguwar tambaya na cin lokacin da ya kamata a yi tunani da shi. Ranakun Alhamis da Juma'a da yamma sun yi daidai, tun da babu Islamiyya, amma darasin safiyar Asabar yana karo da hadda, mu dai sai haƙura muka yi da shi, kuma ba a rage mana ko sisi ba.

Babbar damuwata ita ce sauri. A zama guda tambaya uku ko huɗu kawai suke yi. Jarrabawar shiga makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya da NECO ke shiryawa kuwa ta canki-canka ce, tambayoyi da yawa, agogo na tafiya. Na tari Malama da maganar, ta ce, "Hajiya, a bari ta fara gane hanya, gudu zai zo." Na yarda da ita rabi. Gaskiya ne yaron da bai fahimta ba saurinsa kuskure kawai yake ninkawa, amma ɗan aji shida yana bukatar a riƙa gwada shi da agogo ko sau ɗaya a mako, kuma wannan babu shi a tsarinta. Ni nake yi wa 'yata a gida da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Haka kuma matashin da ke riƙe ajin ran da Malama ba ta nan bai da haƙurinta, shi yake warware tambayar a allo yara su kwafa, wanda shi ne ainihin abin da muka gudo.

A gida na ga canji. Na aiki 'yata cefane da naira 5,000, kafin ta fita ta zauna ta jera abin da za ta saya, ta ce, "Umma, in manja ya kai yadda kika ce, kuɗin ba zai isa kifi ba." Kuma ba ta yi kuskure ba.

Wanda ɗansa bai riƙe jadawalin sau ba tukuna, ya fara gyara wannan, domin Malama ba ta tsayawa a kansa. Wanda kuma jarrabawa ta rage masa wata ɗaya, ya makara da wannan ajin. Ƙanin 'yata yana aji huɗu, shi zan kai a zango mai zuwa, kuma na riga na roƙi Malama ta raba yaran gida biyu ko da za a ƙara mana kuɗi.